Jakar da Na Rataye Kusa da Kamfas

Da sunan Allah nake farawa, mai tudu kuma mai ruwa, wanda ya fi mu sanin inda muka dosa.

Abin da ya tono mini wannan tsohon zance ƙaramin abu ne. Jikana, ɗan babban ɗana, ya zo hutu daga makarantar koyon tuƙin jiragen ruwa da yake yi can kudu. Washegarin isowarsa, bayan la'asar, ya faɗo ɗakina da wayarsa a hannu, yana yi mini tsiyar da ya saba tun yana rarrafe.

"Tsoho, bari in auna maka alƙibla yau. Kada ya zama duk shekarun nan Nijar kake kallo kana kabbara."

Na ce, "Ka fara auna askin nan na kanka, da wanzami ya fara ya gudu. Tun ba a haifi ubanka ba nake kallon gabas a ɗakin nan."

Ya ɗora wayar a kan akwatin ƙarfen da nake ajiye littattafaina. Wata 'yar kibiya ta fito a fuskarta, ta yi rawa, ta tsaya tana nuna arewa, wajen Mai'adua. Yaro ya fashe da dariya har da riƙe ciki.

"Ka gani ko? Sai ka rama sallar shekara arba'in. Kafin ka gama, ni kuma na ɗauke amaryata, don ba zan bar ta da wanda bai san gabas ba."

Kakarsa tana tsakar gida tana jin mu, ta ce ita dai ba ta auren mai rabin aski. Ni kuwa ban yi dariya ba. Na ce masa, "Ɗauke ta daga kan akwatin nan. Matsa tsakiyar ɗaki." Ya matsa. Kibiyar ta juyo sannu a hankali, ta dawo daidai inda buzuna yake fuskanta. Ya dubi wayar, ya dube ni, ya ce, "Wannan a aji aka koya mana. Kai a ina ka sani?" Na ce ya je kakarsa tana kira.

A zamanin da nake saurayi, gabas ba abin tambaya ba ce a wurinmu. Kowa ya san ta kamar yadda ya san ƙofar gidansu. Ladan yana kira ba da lasifika ba, muryarsa ta bi sanyin asuba ta shigo, ka ji luguden mata ya fara daga gida zuwa gida, ka ji gugar wani tana bugun bakin rijiya. Idan dare ya same ka a daji da dabbobi, ka ɗaga kai ka ga kaza da 'ya'yanta, ka san inda kake. Idan hadari ya rufe sama, akwai kukar da ka sani, akwai haushin karnukan ƙauyen da ka sani. Ƙasa ba ta motsi a ƙarƙashinka. Na taso a hannun kawuna, ƙanin mahaifiyata, mutum mai karatu kuma falken tumaki. A wurinsa na sauke Alƙur'ani, a wurinsa na koyi rubutun ajami, a wurinsa kuma na koyi duba haƙoran rago. Abu ɗaya da ba ya ɗauka ko kaɗan shi ne camfi. In ya ji wani ya ce ba a fita ran kaza, ko ba a shara da dare, sai ya tsuke fuska ya ce, "A wane littafi ka gani?" Haka na tashi ni ma, ina jin kaina da wannan.

Shekarar da gemuna ya fara tsirowa, kawu ya ce zan raka shi kai ragunan layya wani gari na bakin teku, can gaba da Kalaba, inda akwai Musulmi da yawa amma ba a kiwo. Muka tara raguna daga kasuwannin ƙasarmu, muka sha mota, muka sha jirgin ƙasa, har Fatakwal. Daga nan sai ruwa. Ban taɓa ganin ruwan da ya fi na tafki a damina ba. Da na tsaya a bakin wannan, na rasa inda ya ƙare.

Jirgin na katako ne, mai inji a ciki, da ɗan ɗaki a baya inda ake tuƙi. Mai jirgin, wanda kowa ke ce wa Kyaftin, gajeren dattijo ne mai furfura a gira. Ya taɓa zama a Zariya yana yaro, don haka yana jin Hausa, tana fita da ƙyar amma tana fita. Ya ce sai da yamma za mu tashi, saboda ruwan teku yana cika yana janyewa, kuma sai ya cika ake iya fita bakin kogin. Za mu kwana muna bin gaɓa, ƙasa tana hagunmu, mu shiga bakin wani kogin da asuba.

Da ya ga ina leƙen ɗakin tuƙi kamar baƙon kare, sai ya yafuto ni. "Malam ƙarami, zo ka ga namu allon." Ya shimfiɗa wata babbar takarda a kan tebur, taswirar gaɓar ce gaba ɗaya, cike da ƙananan lambobi kamar an watsa gero. Ya ce kowace lamba zurfin ruwa ce a wurin, gaba nawa, kamar yadda muke auna rijiya. Ya nuna mini layin da ya ja da fensir, ya ce hanyarmu ke nan. Ya nuna wasu ɗigo-ɗigo, ya ce fitilu ne, wasu a kan hasumiya a tudu, wasu a kan manyan tulunan ƙarfe masu iyo da aka ɗaure a ruwa. Kowace fitila da irin ƙiftawarta. Wata ta ƙifta sau ɗaya ta huta, wata sau biyu, wata ja ce, wata kore. Da dare ba a ganin gari, sai dai a ƙirga ƙiftawar fitila a san sunan wurin. Abin ya burge ni, har na ciro tawada da alƙalami na rubuta su da ajami a bayan wata takarda, yana kallo yana dariya yana cewa rubutuna kamar sawun kaji. Ta ƙarshe, wadda ke bakin kogin da za mu shiga, ita ce mai ƙiftawa uku sannan ta yi duhu. Ya ce in muka bi layin nan daidai, za ta fito mana a goshi. Hagu da ita kuwa tudun yashi ne a ƙarƙashin ruwa, inda teku ke karyewa, kuma ya ci jirage ba ɗaya ba.

Akwai wata na'ura a jikin bango mai ƙara kamar agogo, tana zana layi a kan takarda, ita ke faɗin zurfin ruwan da ke ƙarƙashinmu. Sannan a gaban sitiyari akwai kamfas, wani faifai mai iyo a cikin kwano da gilashi a sama, wanda kullum yake neman arewa. Kyaftin ya dafa gefensa ya ce, "Wannan shi ne idona. Ka duba alƙiblarka a nan in kana so. Amma abu ɗaya: ƙarfe ba ya zuwa kusa da shi. Ko allura. Ka ji?"

Na ce na ji. Da na koma na gaya wa kawu, sai ya yi murmushi ya ce, "Mutanen ruwa ke nan. Ko masuntan ƙasarmu haka suke, wannan ba a yi, wancan ba a taɓa. Kada ka yi musu da shi a jirginsa, amma kada ka sa a ranka." Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Na ajiye maganar a wuri ɗaya da hana shara da dare.

Muna da jakar fata guda ɗaya da ba ta rabuwa da ni. A samanta gafaka ce mai Alƙur'anin kawu, rubutun hannu. A ƙasanta, a naɗe cikin tsumma, akwai babbar wuƙar da muke yanka dabba in ta tasam ma mutuwa don kada ta yi mushe, da 'yar rediyon kawu. Da muka fita teku sosai, jirgi ya fara hawa yana sauka, raguna suka rikice. Fitsari da kashi suka gauraya da ruwan da ke fantsamowa, suna gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Babu inda za ka taka ka ce tsarkakakke ne. Muka yi magariba da isha a zaune a kan buhunan dusa, kawu yana amai tsakanin raka'a da raka'a. Da ya ɗan samu kansa ya dubi jakar a cinyata ya ce, "Ɗan nan, littafin Allah a cikin wannan najasa? Nema masa wuri mai bisa, inda ruwa ba ya kaiwa."

Wuri mai bisa, busasshe, guda ɗaya ne a jirgin. Na lallaba na shiga ɗakin tuƙi. Kyaftin ya sauka duba inji, sai wani dogon mutum mai riƙe da sitiyari, wanda ba ya jin ko sannu da Hausa. Akwai wani maratayi na katako a bango, tazarar taki ɗaya na hannu daga kamfas. Na rataye jakar. Mutumin ya nuna ta da haɓa yana tambaya. Na ce, "Ƙur'an." Ya gane kalmar. Ya sunkuyar da kai cikin girmamawa. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba, kuma Allah ya sani wuƙar ta faɗo mini a rai a lokacin. Na ce a zuciyata, camfi ne.

Dare ya yi nisa. Hadari ya rufe sama ruf, babu tauraro ko ɗaya. Fitilu biyu na farko mun wuce su tun kafin in rataye jakar, kowace a inda takardata ta ce. Bayan su sai duhu mai tsawo, wanda Kyaftin ya riga ya ce za a yi, sai kamfas kaɗai ake bi. Na zauna a ƙofar ɗakin tuƙi ina jan carbi, don barci ya ƙi. Can na lura Kyaftin ya daina zama. Ya duba agogo, ya duba taswira da 'yar fitila ja, ya leƙa gaba, ya dawo. Ya yi wa dogon magana da yarensu da kakkausar murya, dogon ya nuna kamfas, alamar shi bai kauce ba. Na ce, "Kyaftin, lafiya?"

"Fitila ta makara," in ji shi. "Ya kamata ta fito tun ɗazu."

"Ko ta mutu ne?"

"Tana mutuwa wani lokaci. Amma dubi nan." Ya nuna na'urar bango. Layin da take zanawa yana ta hawa sama. "Nan ya kamata gaba goma sha biyu. Ga shi bakwai. Takarda ba ta ƙarya, wannan ma ba ta ƙarya. To wa ke ƙarya?"

Ya sa aka rage inji. Da ƙarar ta ragu, sai na ji wani sauti da ban taɓa ji ba, can gaba wajen hagu, kamar ana zazzage tsakuwa daga babbar mota, a tsaya, a sake zazzagewa. Ragunan ma sun ji, suka yi tsit. Kyaftin ya dubi na'urar bango ya ce, "Shida." Sannan ya juyo gare ni. "Kai, an ce 'yan arewa kuna ganin jaririn wata. Hau saman ɗakin nan ka duba ko'ina. Ba gaba kawai ba. Ko'ina."

Na hau ina rarrafe, na rungume wani itace. Gaba babu komai. Hagu babu komai sai wani fari-fari da ke tashi yana kwanciya. Na juya dama, inda ba a tsammanin komai sai teku. Na daɗe ina kallo har idona ya yi ruwa. Sai ga wani ɗan ɗigo, ƙanƙane kamar ƙwayar gero, ya haska ya ɓace. Na riƙe carbi na ja ɗaya. Ya sake, na ja biyu. Ya sake, uku. Sai duhu. Na jira ya maimaita don kada in yi shaidar zur. Uku, sai duhu.

"Ga ta can! Dama, can nesa! Mai uku ce!"

Na diro na same shi tsaye yana kallon kamfas, kamar mutumin da ɗansa ya yi masa ƙarya. "In tana dama," in ji shi a hankali, "mu muna ciki. Muna kan yashi." Ya daka wa dogon tsawa, aka fara murza sitiyari. Sannan ya ɗaga 'yar fitilarsa yana haska kewayen kamfas, sama, ƙasa, gefe, har hasken ya sauka a kan jakata.

"Wannan fa?"

Dogon ya ce masa wani abu, na ji kalmar Ƙur'an a ciki. Kyaftin ya janye hannun da ya miƙa. Ko a wannan hali bai taɓa ta ba. Ya dube ni.

"Malam ƙarami. Littafi kaɗai ne a ciki?"

Kawu ya rarrafo har bakin ƙofa, yana jin mu. Na san in na ce e, Kyaftin zai yarda, don ya ɗauke ni malami. Na kuma san kalma ɗaya ce tsakanina da zama wanda ya kashe mutanen jirgin nan. Na ce, "Akwai wuƙa. Da rediyo."

Bai zage ni ba. Ya ce, "Ɗauke ta. Sannu-sannu. Ka sa ido a nan."

Na cire jakar daga maratayi na ja da baya. Ina kallo, faifan nan ya juya a cikin kwanonsa, shiru, ba gaggawa, kamar mai barci ya gyara kwanciya, ya tsaya a wani wuri dabam. Duk daren nan ashe wuƙata yake bi, mu kuma muna bin sa. Na ji kawu a bayana yana cewa innalillahi, da muryar da ban san yana da ita ba.

"Huɗu," in ji Kyaftin. "Uku. Ku riƙe wani abu."

Jirgin yana cikin juyawa igiyar ruwa ta ɗaga mu ta gefe, ta sake mu. Ƙasansa ya daki yashi, dum, har haƙorana suka haɗu. Raguna suka zube a kan juna suna kuka. Na rungume jakar a ƙirji ina salati, ina jiran katako ya tsage. Wata igiyar ta zo ta sake ɗaga mu, Kyaftin ya yi ihu a ba inji wuta duka, jirgin ya yi nishi, ya ja ciki, ya zame. Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji muryarsa tana cewa huɗu, sannan biyar, sannan can, takwas. Fitila mai uku ta dawo goshinmu, tana ƙiftawa abinta kamar ba abin da ya faru.

Da gari ya waye muna cikin kogi, ruwa kwance lumui. Raguna biyu sun karye, ba za a yi layya da su ba, kuma ba za su kai ba. Kawu ya kwance tsumma ya miƙo mini wuƙar ya ce ni zan yanka. Na yanka, aka ba ma'aikatan jirgi naman. Daga nan kawu ya gyara rawaninsa, ya taka har ɗakin tuƙi, mutumin da ban taɓa ganin ya rusuna wa kowa ba sai malaminsa. Ya rusuna ya ce, "Kyaftin, laifin nawa ne. Yaron ya kawo mini maganarka, ni na ce masa camfi ne. Na yi hukunci a kan abin da ban karanta ba."

Kyaftin ya ce, "Malam, ni ma na ga jaka ban tambaya ba." Ya juyo gare ni. "Kai kuwa, ido mai kyau, kunne babu." Ma'aikata suka yi dariya da aka fassara musu. Ni ban iya ba.

Mun dawo gida ta mota, ban sake hawa teku ba. Kawu bai taɓa ba da labarin nan ba har ya koma ga Allah, ni ma ban ba kowa ba, har da matar da ke tsakar gida. Amma daga shekarar nan, in wani ya kawo masa wata doka ta masu sana'a, maƙeri ne ko mai haƙar rijiya, ya daina cewa a wane littafi. Sai ya ce, "In an yi, me ke faruwa?"

Yanzu jikana yana gaya mini jiragensu ba haka suke ba. Akwai allo mai haske kamar talabijin, taswira tana ciki, jirgin da kansa yana tafiya a kai kamar ƙwaro, ana samun wurinsa daga sama. Akwai na'urar da ke ganin wani jirgi a cikin duhu. Ya ce ko makaho zai iya shiga bakin kogi. Ina jin haka sai na tuna mu ma a daren nan babu wanda ya yi shakkar abin da ke gabansa. Dogon nan bai kauce ko da taki ɗaya ba. Da gaskiyarsa yake kai mu yashi.

Daren da zai koma, na kira shi ɗaki na rufe ƙofa, na ba shi labarin tun daga Fatakwal har yankan ragunan. Bai yi tsiya ko sau ɗaya ba. Na buɗe akwatin ƙarfen na ciro takardar, ta yi ja, ta karye a lanƙwasa, ajamin yana nan. Na karanta masa: mai ɗaya, mai biyu, mai uku sannan duhu.

Ya ce, "Kaka, har yanzu ana koya mana ƙirga su. Sai dai ba mai damuwa, tunda allo yana nunawa."

Na ce, "Kai ka damu. In allo ya ce ga inda kuke, fita waje ka nemi fitila ta shaida. In ba ta fito inda aka ce ba, kada ka ce ta mutu. Ka duba dama."

Ya naɗe takardar ya sa a aljihun gaba, ya ce zai kira ni in sun sauka.

Yau kwana tara ke nan. Ubansa ya ce haka aikin yake, babu waya a tsakiyar ruwa, in kwantar da hankalina. Na ce to. Amma tun ran da ya tafi na sa aka fitar da akwatin ƙarfen nan zuwa zaure, wayata kuma tana kan buzu kusa da ni. Bayan isha nakan zauna da carbi, in ja uku, in tsaya, in saurara.